Wai ma'ana nawa kalmar "run" take da ita?

Mai Neman Sani: Jama'a ku taimaka. Tun a firamare aka koya min cewa "run" gudu ne, shi ke nan. Jiya ina duba takardar maganin mura na ga "runny nose". Na ce ikon Allah, hanci kuma ina zai gudu? Da yamma maigidana ya turo saƙo wai tawadar firinta ta "run out". Har na ɗauka zuba ta yi, na sa tsumma, ashe ƙarewa ta yi.

Tsohon Malami: Ɗana, ba kai kaɗai ba. Da masu ƙamus ɗin Oxford suka sake bitar kalmar a 2011, sun lissafa ma'anoni 645 a matsayinta na aikatau kawai. A bugun 1989 "set" ce ke gaba, da 430. Injina ne suka ƙara wa "run" nauyi: jirgin ƙasa, mota, kwamfuta, duk in suna aiki "run" ake cewa. Ɗan takara ma haka, da mai tafiyar da kamfani. Ka riƙa duba ƙaramar kalmar da ke binta. "Run into" kiciɓis ne, "run over" take mutum da mota.

Yar Baba: Malam, ai mu ma ba mu da bakin magana. Bature ya zo ya tarar da "ci": cin abinci, cin bashi, cin jarrabawa, cin amana, cin mutunci.

Mai Neman Sani: Na gode Malam. Tsumman dai na mayar da shi.