Ina neman keken hawan duwatsu mai sauƙin kuɗi, wanda zai jure tsalle

Ɗan Rikkos:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar keke a Jos ina neman shawara. Na tara wajen dubu 350 inaso in sayi keke na shiga daji, irin hanyoyin bayan Lamingo zuwa gindin Shere, kuma akwai wasu tudun ƙasa da yara suka gyara a tsohon ramin kuza ta wajen Rayfield inda ake ɗan tashi sama, to inaso keken ya iya duka biyun. Na ga wani sabo fil a shago, shokoba gaba da baya, giya 21, birkin faifai, fenti sai ƙyalli, kuɗinsa ma bai kai abin da ke hannuna ba har canji zan samu. Wani abokina kuma yace in nemi na hannu ɗan Beljiyam. In ɗauki sabon ne ko yaya? Tsawona matsakaici ne, nauyi wajen kilo 70.

Usta Mai Keke:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan sabon mai ƙyallin, ka barshi a inda ka ganshi. Irinsu ake kawo mana gyara kullum, shokoban bayan nan da ya burge ka sifirin ne kawai a cikin gwangwani, babu mai babu komai da zai riƙe shi, in ka dira daga tsalle ya matse sai ya dawo da ƙarfi ya cilla ka gaba, ga nauyin tsiya, kafin ka hau tudu ɗaya a Shere numfashinka ya ƙare. Kuma inda bodin ke lanƙwasawa a tsakiya bushin roba ne, bayan damina ɗaya zaka ji bayan keken yana kaɗa wutsiya. Da kuɗinka ka nemi mai shokoba a gaba kawai, wanda ake ce wa hadtel, bayansa a sandare. Kuɗin da kamfani zai ɓata wajen shokoban ƙarya sai ya tafi kan bodi da wili da birki.

Abin da zaka fara dubawa, kuma mutane basa dubawa, shine hob ɗin baya, wato cibiyar wilin inda wayoyin sifok suka haɗu. Mai giya 21 ɗin nan kusan duka firiwil ne, wato jerin haƙoran baya da ake murɗawa a jikin hob, boris ɗinsa yana can ciki nesa da inda bodi ya riƙe ƙarfen tsakiya, to duk dirar da kayi ƙarfen ne ke sha, yau ya lanƙwashe gobe ya karye. Ka nemi mai kaset, wato wanda haƙoran zura su ake a jikin hob ba murɗawa ba, yawanci in ka ƙirga haƙoran baya ka samu jeri 8 ko 9 ko 10 to kaset ne. Wili kuma ya zama mai bango biyu, mai bango ɗaya rami ɗaya ya isa ya mayar maka da shi kamar faranti da mota ta taka.

Na hannu kuwa akwai sunaye da in ka samu bazaka yi kuka ba, Giant Talon, Trek Marlin, Specialized Rockhopper, GT Avalanche, ko Rockrider na Decathlon da ake shigowa da su daga Faransa da Beljiyam. Amma ka kula, sitika ba wuya, ana manna Trek a jikin komai yanzu. Ka juya keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ka duba walda, ta kamfani a jere take tsaf.

Hajjo_Bukuru:
Usta ya gama magana akan sabon, amma ni inaso in ɗan tsaya akan maganar tsallen nan, don kar ka ɗauka kekunan da ya lissafa an yi su ne don tashi sama. Yawancinsu fok ɗin gaba, wato ƙafafu biyu masu shokoba da ke riƙe tayar gaba, na kamfanin SR Suntour ne samfurin XCT ko XCM, kaje ka karanta ƴar takardar da ke manne a ƙafar fok ɗin, kamfanin da kansa ya rubuta cewa ba na tsallen tudu bane ba na gangaren tsere ba. Kekunan suna da aji, ajin su Marlin ɗin nan tsallen da bai wuce kamar santimita 60 ba aka yarje masa, wato har gwiwarka ko sama kaɗan. In tudun naku na Rayfield iyakarsa kenan to bismillah, in kuwa irin wanda ake tashi sama da tsawon mutum ne akwai rami a tsakiya, wannan keken daban ne, ƙaramin bodi, taya inci 26, sirdi a ƙasa can, yawanci giya ɗaya tal, irin Specialized P ko Giant STP. Kuma shi wannan in ka ce zaka hau Shere da shi sai dai ka tura.

So ka tambayi kanka tsakani da Allah, a sati sau nawa kake daji sau nawa kake tudu. Mu da muke fita safiyar asabar na lura masu cewa tsalle tsalle ɗin nan yawancin lokacinsu a kan hanyar ƙasa suke ƙarewa.

Ɗan Rikkos:
Nagode Usta, nagode Hajiya. Gaskiya dajin yafi yawa, tudun kuma babban cikinsu bai kai ƙuguna ba kuma samansa a shafe yake ba rami. To maganar taya fa, wani yace 29 ne kawai yanzu ake yayi, 26 ya zama tsohon yayi.

Baban Ilham:
Yayi a Turai ba. Ni 29 nake hawa kuma bazan ɓoye maka ba akan duwatsun nan namu tafi daɗi, tana hawa kan dutse da saiwa bata tsaya ba, in ta ɗau gudu kuma shikenan. Amma ranar da dutse ya yanka min ita a gefe sai da na zaga garin nan kaf, Terminus, Dilimi, har Bukuru, ƙarshe daga Legas aka saka min a mota. 26 kuwa ko a ƙauye ka samu mai faci zai iya ciro maka tub. Ga wanda kuɗinsa a ƙirge yake wannan ba ƙaramin abu bane. Kuma ƙaramin wili sifok ɗinsa gajere ne, yafi jure dira, yafi sauƙin ɗagawa a sama. Tunda kana son tsalle ni 27.5 zan ce maka in ka samu, in baka samu ba 26 mai kyau yafi 29 na banza nesa ba kusa ba.

Wani abu da ba wanda ya faɗa, kar ka zuba dubu 350 ɗin duka akan keke. Ka ware na hular kwano ta gaske, ba irin ta ƴan acaɓa da ake sawa don jami'ai ba, da safar hannu, da feda mai faɗi mai ƙusoshi don na roba da ke zuwa da keke in ya jiƙe ƙafarka zamewa take. Na hannu kuma kusan dole ka canza kaca da takalmin birki da waya. Ƙasar Jos ja ce mai yashi, da damina tana cin kaca, da hunturu ƙura ta shiga ko'ina.

Usta Mai Keke:
Baban Ilham ka tuna min. In kaje gani ƙanina, ka tafi da tsumma da tocila ka goge wuyan bodin inda fok ya shiga, da ƙarƙashin babban bututun, da inda sirdi ya shiga. Duk wani siririn layi kamar gashi a kusa da walda, kar ka saurari mai cewa fenti ne ya tsage. Alminiyam in ya tsage ya gama, masu walda zasu ce maka suna iyawa, zasu like maka kuwa, amma bayan walda kamfani gasa bodin yake a wuta na musamman kafin yayi ƙarfi, mu bamu da wannan a nan, zai sake ɓallewa a gefen ɗinkin kuma ba zai maka sallama ba. Sannan ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in kaji ƙwas ƙwas to ko boris ɗin wuya ko fok ya gaji. Boris ba komai bane, fok kuwa kuɗinsa zai iya kai rabin na keken.

Birki in ka samu na mai, Shimano MT200 ya ishe ka, amma man mineral yake sha, kar wani ya zuba maka man birkin mota, robobin ciki zasu kumbura ka rasa birkin gaba ɗaya. In na waya ne ma ba laifi, ko ina ana gyarawa.

Hajjo_Bukuru:
Ni dai a maganar birki ban yarda da ba laifi ba Usta, gangaren Shere da tsawo, da na waya yatsunka huɗu zasu gaji kafin ka kai ƙasa, na mai kuwa yatsa ɗaya ya isa sauran suna riƙe da kan keken. In zai ƙara kuɗi a wuri ɗaya to nan ne.

Ɗan Rikkos:
To na fasa mai ƙyallin. Akwai wani da ya turo min hoton Rockrider taya 27.5, jeri 9 a baya, yace birkin mai ne amma na bayan yana ɗan tsiyaya, girman bodi kuma L. Usta tsiyayar nan abin gudu ne ko abin rage kuɗi? Kuma L bai min girma ba kuwa?

Usta Mai Keke:
Tsiyaya abin rage kuɗi ne, in ta kama a canza na bayan gaba ɗaya. L ɗin ne matsalar, mai matsakaicin tsawo M ne nasa, balle mai son tsalle. Kaje ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, in bututun sama yana taɓa ka ka bar masa kayansa. Ka ce ya ɗauko hoton wuyan bodin kusa kusa ka saka mana anan kafin ka biya ko kwabo.