Tretinoin yana ƙona min fuska, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara.

A Gombe nake, wajen Tumfure. Ƙuraje sun daɗe suna damuna, sai likitan fata ya rubuta min tretinoin mai ƙarfin 0.025%, ya ce in shafa da daddare kawai, kamar ƙwayar wake. Sati uku ke nan. Gefen hancina da haɓata sai saɓa suke yi, in na yi alwala kuwa kamar an watsa min barkono. Ga hunturu ya kankama, fatar tawa dama ba ta da juriya.

Na rage zuwa sau biyu a sati, na ajiye sabulun salo da dilka, da rana ina shafa man kariya daga hasken rana. Juna biyu dai ba ni da shi, na san masu ciki ba sa shafawa.

Abin da ya ɗaure min kai: idan na fara shafa man kaɗanya sannan na ɗora maganin, zai rage masa ƙarfi? Ko in roƙi likita ya mayar da ni adapalene, wani maganin ƙurajen, tunda an ce bai kai wannan ƙona fata ba? Sai wata mai zuwa zan sake ganinsa.