Neman kalma: me za mu kira "splice" a aikin baka?

Jama'a, ina neman taimako. Masu sassaƙa baka a Ingila suna da wani aiki da suke kira splice, wato gama gajerun itace biyu su zama baka guda. Bakansu na gargajiya dogo ne, wajen ƙafa 6, daga icen wata bishiya da suke kira yew. Bakunan da aka tsamo daga jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, kowanne sanda guda ne. Amma samun icen yew miƙaƙƙe mai wannan tsawo, babu ƙulli babu karkata, abu ne mai wuya. Shi ya sa daga baya ake ɗauko gajeru biyu a gama su a tsakiya, daidai inda hannu ke riƙewa, domin nan ne bakan bai cika lanƙwasuwa ba.

Ba kai da kai ake manna su ba, don gam ba ya kama ice ta wajen da aka datse shi. Da zarto ake yanka dogayen haƙora a kowane ɓari, kamar inci 4, wani yankan siffar Z, wani siffar wutsiyar kifi. Haƙoran wannan su shige tsakanin na wancan, a shafa gam, a matse, a naɗe wurin da zare. Me za mu ce da wannan?

Wani kafinta:
Malam, mu a shago haɗi muke cewa.

Mai tambaya:
Gaskiya ne, maigida, amma haɗi ya yi faɗi. Ƙafar tebur da aka buga wa ƙusa ita ma haɗi ce.

Wani dattijo, maharbi:
Ɗana, ɗori fa? Sai dai mu bakanmu reshe guda muke sara, mu gyara, mu ɗaura tsarkiya.

Wata malamar aikin gona:
Baba, a gafarce ni, ɗori na abin da ya karye ne, wannan kuwa tun farko biyu ne. Kalmar tana hannun masu lambu: aure. In za a yi wa mangwaro aure, ana fiƙe reshe gefe biyu, a tsaga uwar, a cusa shi ciki, a ɗaure tam. Dabarar ɗaya ce, jikin ice ya kwanta a jikin ice ta tsawo.

Mai tambaya:
Malama, wannan ta zauna mini. Duk wanda ya taɓa shiga lambu zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tana kuma juyuwa a baki: an aurar da icen, baka mai aure, auren ya saki. Har bakan Turkawa na ƙaho da jijiya ta ɗauka, wanda ake aura wa kunnuwansa, wato ƙarshensa na sama da na ƙasa, da yanka mai siffar V, a liƙe da gam na kifi ko na jijiya. Ni dai daga yau auren baka zan riƙa rubutawa, yankan kuma auren Z da auren wutsiyar kifi.

Dattijon:
Na yarda, 'yata. Amma in baka ya karye aka gyara, ku bar mini ɗori.