An danƙa mini makullin laburare, a ina zan koyi aikin a intanet?

Maman Ummi, Mabera

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin garin Sakkwato. Malamin da ke kula da laburarenmu ya yi ritaya, sai shugabar makaranta ta kira ni ofis ta miƙo mini makulli, wai ai ni ce mai son karatu. Iyakar horon da aka ba ni ke nan.

Ɗakin ba laifi, akwai fanka da tagogi, amma ƙurar hunturu ta rufe komai, in ka shafa littafi sai yatsanka ya bar layi. Gara ta ci kantar ƙasa ta bangon gabas. Akwai kwalaye da aka kawo tun tuni, ko igiyarsu ba a kwance ba. Yaran kuwa ba abin da suke tambaya sai tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, su ma sai jarrabawa ta ƙarato.

Tambayata biyu ce. A ina zan koyi wannan aiki a intanet ba tare da data ta cinye mini albashi ba? Wayata kawai nake da ita. Sannan takardun shaidar da ake bayarwa bayan kwas na intanet, suna da wani amfani wajen ƙarin girma?

Baba na Ƙofar Marke

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi taya ki riƙo. Ni a Zariya munka koyi aikin ga, sashen da anka buɗe a Jami'ar Ahmadu Bello tun 1968, kuma da shi na yi furfura. Ki aje wayar tukuna. Sayi babban littafin rajista mai bango mai kauri, ki ja layuka: lamba, kwanan wata, marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, da inda littafin ya fito, saye ne ko kyauta. Kowane kwafi da lambarsa, ko da iri ɗaya ne guda arba'in. Ki rubuta lambar a bayan shafin suna, ki buga hatimin makaranta a nan, ki ƙara bugawa a wani shafi na ciki wanda ke kaɗai kika san shi, ki riƙe wannan shafin ga duk littattafan. Mai son ɗauke littafi shafin farko yake yagewa. Ranar da masu duba makarantu za su zo, rajistar nan ita za ta fitar da ke, don ba mai ɗora miki ɓatan abin da ba ki gada ba.

Daga nan sai jeri. Tsarin Dewey, wanda ake jera littattafai da shi bisa lambar fanninsu, gida goma ne, kuma ga makarantar sakandare lamba ukun farko sun wadatar: 297 addinin Musulunci, 510 lissafi, 530 fiziks, 540 kimistiri, 960 tarihin Afirka. Tunda ke malamar Hausa ce, ki lura da wanga wuri. Mutane da yawa suna tura littattafan Hausa gidan 496 da 896 don sun ga an ce harsunan Afirka. Ba can take ba. Nahawun Hausa 493.72 ne, adabinta 893.72, domin Hausa daga dangin harsunan Cadi take. Na sha gyara wannan a makarantun da na zaga.

Gara kuwa, janye kantoci daga jikin bango, ɗaga ƙafafunsu kan bulo, kuma kada a sake a bar kwali a ƙasa har damina. Littafin da ta riga ta shiga, fitar da shi daga ɗakin yau.

In kin gama wannan sai ki sauke jagoran laburaren makaranta na IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya, bugu na biyu na 2015. Kyauta ne. Ki karanta shi da hankalinki, don masu rubutun suna ɗauka akwai wuta da kuɗin sayen littafi duk shekara.

Abban Sadik, Boɗinga

Gaisuwa Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malama, ki bi maganarsa, amma wayar ma tana da aiki. Ni ma haka aka jefa ni ciki, daga koyar da kwamfuta.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne littattafan kwasa-kwasan jami'ar karatu daga gida, wato NOUN. Suna da digiri a fannin laburare, kuma kayan karatun suna kan shafinsu, kowa na iya saukewa ko bai yi rajista ba. Nemi na gabatarwa da na katalogi, wato yadda ake rubuta bayanan littattafai don a iya nemo su. 'Yan Najeriya ne suka rubuta, misalansu namu ne, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data. Akwai shafin WebJunction mai kwasa-kwasan aikin laburare kyauta, sai dai da Turancin Amurka ne, kuma rabin abin da suke tattaunawa bai shafe mu ba. Na fi son tarukan intanet na AfLIA, ƙungiyar laburaren Afirka mai hedikwata a Accra, don a can za ki ji ɗan Gana ko 'yar Yuganda na kukan rashin wuta irin namu. Bidiyo dai sai da datar dare.

Ga yaran kuma, African Storybook da StoryWeaver duk suna da labarai da Hausa, ana saukewa a buga a takarda. Na ƙananan yara ne, to amma mu faɗi gaskiya, akwai 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da har yanzu suke haɗa baƙi da wasali. Ba sa jin kunyar ɗaukar littafi mai hoto in ba a yi musu dariya ba. Akwai kuma Kiwix, manhajar da ke ɗauke Wikipedia gaba ɗaya, har ta Hausa, ta ajiye a waya ko kwamfuta a riƙa karantawa ba intanet. Sau ɗaya za ki sauke, sauran malamai su karɓa ta Xender. Ki duba Nigeria Learning Passport ma, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Wani zai zo ya ce miki ki saka Koha. Manhajar tafiyar da laburare ce mai kyau, kyauta ce, jami'o'i na aiki da ita, amma tana son kwamfutar da ba ta mutuwa da wanda ya iya kula da ita. Da zafin Afrilun Sakkwato da wutar da muke samu, ki bar ta sai makarantarku ta sami sola.

Anti Kulu, Arkilla

Ƙanwata, ba wanda ya amsa miki tambaya ta biyu, to bari in faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Takardar halartar taron intanet ilimi ce gare ki, amma ban taɓa ganin ta ɗaga wani daga mataki zuwa mataki ba. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan laburare rajista, LRCN, wadda aka kafa da dokar 1995, digiri a fannin take nema, na farko ko na gaba da shi. In har kin ji aikin ya kwanta miki, ki nemi karatun sosai, ko ta NOUN ko Bayero ko Zariya. Kafin nan ki shiga reshen jiha na NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, tana nan tun 1962, kuma a can ake jin labarin bita kafin ta wuce.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. An ba ki makulli da baki, ko an rage miki darussa? In ba a rage ba, laburaren zai riƙa buɗewa ne lokacin da kike hutawa, wato kusan ba ya buɗewa. Koma wurin shugabarku cikin ladabi ki nemi abu biyu: takardar da ta nuna an ba ki aikin, da darasin laburare guda a jadawalin kowane aji duk mako. Ki kuma zaɓi ɗalibai masu natsuwa su zama mataimakanki, su share, su jera, su rubuta aro. Ban yarda da Baba ba a abu ɗaya: kada ki jira sai kin gama rajista kafin ki buɗe ƙofa. Gama kanta ɗaya, ki fara ba da aro daga ita.

Maman Ummi, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, ba a rage mini ko darasi ɗaya ba, zan je in same ta. Baba, na kwance kwalayen, fiye da rabi littattafan addini ne. Duk 297 zan rubuta musu?

Baba na Ƙofar Marke

A'a, nan kam sai ki ƙara lamba bayan ɗigo, in ba haka ba kanta guda za ta cushe: Alƙur'ani da tafsiri 297.122, tarihin Manzon Allah (SAW) 297.63. A ƙarƙashin lambar ki sa haruffa ukun farko na sunan marubuci. Su kuma ki ba su kantar sama, kin san dalili. Maganar Kulu ta buɗe ƙofa da wuri, na karɓa, amma littafin da bai da lamba da hatimi kada shi fita ɗakin.