Masu koya wa yara a gida, kuna kai su ajin ranar Asabar?

Maman Hanan: Salam 'yan uwa. Shekara ɗaya kenan da muka cire yaranmu daga boko ina koya musu a gida, Hanan shekara 9, ƙaninta 7, a Kano muke, islamiyya kuma suna zuwa da yamma. To akwai wani waje da ke haɗa irin yaran nan ranar Asabar, iyo, kodin (rubuta manhajar kwamfuta), zane da kiɗa, dubu 45 duk yaro na wata uku. Babansu kiɗan ne bai kwanta masa ba, ga shi maza da mata tare suke shiga ruwa, kuma sun ce ba a cire komai a kuɗin. Ni so nake su samu tsaransu su sake, amma tarbiyyar nan ita ta zaunar da ni gida. In biya su riƙa tsallake biyun nan, ko in haƙura?

Sadiq_KD: Hajiya ki mayar da su makaranta kawai. Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin bai-ɗaya, ta wajabta karatun shekara 9, har tarar naira dubu 2 ko ɗaurin wata ɗaya akwai idan aka kama uba karo na biyu.

Maman Hanan: Malam Sadiq ba wannan na tambaya ba ai.

Ummu Khalil: Hmm Maman Hanan kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. A Abuja na biya dubu 120 wa Khalil, suka cika mu da zaƙin baki wai tsarin Montessori, yaro zai koyi dogaro da kansa, ashe tablet za a miƙa musu malamar ta koma gefe tana cat. Azahar ta yi ta wuce babu mai cewa a tashi, da na yi magana sai aka ce wai su ba sa shiga harkar addini, to ni na ce ku yi wa'azi ne? Tabarma kawai da minti goma. Sati na biyar mai kodin ɗin ya gudu don ba a biya shi ba, kuɗina har yau ana "za mu duba". Abin da ya fi ƙona min rai yaron ya dawo yana ce wa kakarsa "hi" a tsaye ƙiƙam, surukata ta yi wata guda tana min gori.

Baffa Ɗanliti: Mu iyo kyauta muka koya a kududdufin unguwa, satifiket ɗin kuma tsargiya da bulalar Baba 😂

Anti Bilki: Dubu 120?? Mu nan Zariya gida biyar muka haɗu muke ba wani ɗalibin jami'a dubu 8 kowane gida a wata yana koya wa yaran kodin. Kodin ɗin yara ai manhajar Scratch ce, na jami'ar MIT, kyauta take, kwamfuta kawai da caji. Ni nake koya musu girki da ɗinki, maza ma sai sun ɗora tukunya.

Ummu Khalil: Dubu 8 a wannan marrar? Anti sai dai in sadaka yake yi.

Sadiq_KD: Duk da haka ya za su yi da jarrabawa?

Hauwa Leicester: WAEC tana da ta masu zaman kansu ai, GCE ɗin nan. Mu a Ingila doka ta yarda ka koyar a gida, sai dai kuɗin GCSE, jarrabawar sakandarensu, daga aljihunka. Maman Hanan ki tambaye su ko za su ware wa mata awa ɗaya a ruwan, nan ma Turawa suna yi. Kuma ki je ki zauna ranar farko ki ga yadda malamin yake yi idan yaro ya yi kuskure.

Anti Bilki: Sadiq yaranka nawa tukuna?

Sadiq_KD: Ban yi aure ba amma shekara 6 ina koyarwa a aji, na ga yaran gida da aka kawo mana, ga ƙoƙari amma ba sa iya jiran layi.

Anti Bilki: To gwauro ya bari masu goyo su yi magana.

Ummu Khalil: A'a Anti gaskiya ya faɗa, Khalil ma haka yake. Ita Hauwa ce ma ban ga ta inda Ingila ta shafi Kano ba.

Baffa Ɗanliti: Jiran layi kuma? A kai su gidan mai, kwana biyu sun haddace.

Abban Yusra: Wallahi ba don kuɗin makarantun kuɗi ba wa zai shiga wannan wahalar. 'Yata daga nazire za ta shiga firamare aka ce in kawo kuɗin fati da rigar yaye ɗalibai, kamar ta gama digiri.

Ummu Khalil: Ga littattafan da ake rubutu a ciki don kar ƙani ya gada.

Abban Yusra: Mu har safa sai a wajensu za ka saya.

Maman Hanan: Jama'a Asabar ɗin nan fa ake rufe rijista.

Anti Bilki: Abban Yusra nawa suka ce kuɗin fatin?