RAM da Hausa: ni dai turmi na zaɓa

Jama'a, ku taya ni raɗa wa RAM na kwamfuta suna da Hausa; na ga sunayen da wasunku suka kawo, kamar ƙwaƙwalwa da memori da allo, zan amsa su a ƙasa. Makon jiya wata Hajiya mai shagon buga takardu a Tudun Wada ta aiko ɗanta da kwamfutar tebur zuwa shagonmu da ke kusa da titin Ahmadu Bello. Wai ta yi nauyi, in aka buɗe Chrome da Word tare sai ta tsaya cak. Da na buɗe cikinta na tarar da RAM gigabait 4 ne, samfurin DDR3, gurbi ɗaya a cike, ɗaya babu komai. Na kira ta na ce, "Hajiya, ma'ajiyarta za a ƙara." Ta ce, "Madalla ɗana, dama hotunan fasfo sun cika ta." Nan take na gane kalmar da na faɗa ce ta ɓatar da ita.

RAM wuri ne da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai na ɗan lokaci, ba ya ajiye komai dindindin. Da an ɗauke wuta, duk abin da ke cikinsa ya tafi, shi ya sa takardar da kake cikin bugawa ba ka adana ba take salwanta. Hotunan Hajiya suna cikin hadis ne, wato hard disk, kuma shi ya cancanci a kira shi rumbu ko ma'ajiya. Ko gigabait 32 na RAM ka sa, wurin hoto ɗaya ba zai ƙaru ba.

Masu cewa ƙwaƙwalwa, na ji ku, amma a bakin masu gyara, firosesa, wato abin da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ta riga ta ɗauke wannan suna. Memori kuwa, shiga kasuwar Sheikh Gumi ka nema, katin waya za a miƙo maka na zuba karatu da waƙoƙi.

Malam, na ga shawararka ta allo, Allah ya ƙara sani. Gaskiya ta burge ni: a rubuta, a biya, a wanke, a sake rubutawa, haka RAM yake aiki. Abin da ya hana ni karɓa shi ne allo ya yi yawa a jikin kwamfuta. Fuskar da muke kallo wasu allo suke ce mata, babban faifan da komai ke maƙale a jikinsa ma allo ake ce masa. In muka ƙara na uku, yaron shago zai rikice kafin mai kaya.

Ni turmi nake so. Hatsi yana rumbu, amma ba a daka a cikin rumbu. Sai an ɗebo an zuba a turmi, taɓarya ta yi aikinta, a kwashe. Ba a barin tsaba ta kwana a turmi. In turmin ƙarami ne kuma dakan na biki, sai an yi ta zirga-zirga tsakaninsa da rumbu, kaɗan-kaɗan, komai ƙarfin mai dakan. Wannan zirga-zirgar ita ce nauyin da Hajiya ke gani: RAM ya cika, Windows ta koma tana aron wuri a hadis, shi kuwa hadis bai kama ƙafar RAM a sauri ba. To ga rumbu, ga turmi, ga taɓarya wato firosesa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san alaƙar ukun nan ba sai an zana masa ba.

Wani ɗan'uwa ya ce abin ai siriri ne kamar rula, bai yi kama da turmi ba. Haka ne. To linzamin kwamfuta fa, wato mouse, ya yi kama da na doki? Aikinsa aka duba aka ba shi suna.

Yaya, ke kuma kin ce a Kaduna in aka ce turmi, atamfa ce ke fara zuwa ran mata. Wallahi kin taimake ni, don dama ina neman sunan guda ɗaya na abin da ake sokawa a gurbi. Na so in ce sanda, sai na ga sandar turmi za ta koma taɓarya. Amma atamfa ai falle-falle ake yanka ta. Sai mu ce falle.

Ku gwada a baki ku ji: "Turminta gigabait 4 ne, a ƙara mata falle ɗaya ya zama 8." "Fallen DDR4 ba ya shiga gurbin DDR3, na farko haƙora 288 gare shi, na biyu 240, kuma tsagar ba wuri ɗaya take ba, kada ka danna da ƙarfi." "Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba ta iya cin turmin da ya wuce gigabait 4, sai ka koma mai 64." Babu jimlar da ta yi min nauyi a harshe.

Da Hajiya ta zo karɓa da kanta na ce, "Rumbunki yana nan yadda yake, turmi na faɗaɗa miki." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To hotunan fa, wani rumbun zan saya ke nan?" Na ce ƙwarai kuwa, na faɗa mata kuɗin na terabait 1.