Wa kalmar "woo" ta taɓa ba wa ruwa?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya ƙanena ya miƙo min jarida, kanun labarin na cewa gwamna "woos investors". Wai Yaya, gwamna aure zai ƙara? Na yi dariya har da hawaye, amma da na zo yi masa bayani sai baki ya mutu. Ko akwai wanda ta taɓa yi wa haka?

Malamar Turanci: Ni a aji ta kama ni. Tsohuwar kalma ce, asalinta neman zuciyar mace, yawanci da niyyar aure. Rabin ɗalibaina suka rubuta "he wooed to her". Ba ta ɗaukar "to", kai tsaye ake cewa "he wooed her". Kuma "wuu" ake furtawa. Wata ta rubuta "woe", wato baƙin ciki, na ce mata 'yata, wannan sai bayan biki.

Na Gunners: Malama, ai 'yan ƙwallo sun daɗe da warware wannan. Kullum a rediyo muna jin "Arsenal na zawarcin ɗan wasa kaza". Zawarci kenan. Ɗan siyasa da masu ƙuri'a, gwamna da masu zuba jari, duk zawarci ne, ga toshi ga daɗin baki.

Angon Bara: Ni kunya ta ja min. Lokacin ina zuwa zance wajen madam, na kwana ina duba ƙamus, na tura mata "I want to woo you". Sai da ta yi awa biyu kafin ta amsa: "Wuu kuma? Kai iska ne?" Ashe samarin yanzu "toast" suke cewa, ita "woo" sai a jarida da tsofaffin littattafai. Har yau idan na shigo da tsire a leda sai ta ce ga mai wuu ya dawo.

'Yar Maradi: Mu nan a makaranta "faire la cour" muka koya, shi ma ba ka jin sa a bakin samari.

Malamar Turanci: Na Gunners, zawarci ya zauna daram a siyasa, amma ban da budurwa, don bazawara ake zawarci. Sannan "woo" ƙoƙarin kawai take nufi, ba ta ce an dace ba. Idan an shawo kan mutum, "win over" ake cewa.

Ɗan Fagge: To bari in koma wa ƙanena. Angon Bara, a gaida madam.